Ranar da Rosella Ta Ɓace

Gwaggo Glenys tana tsugune a bakin tafkin Burrangi tana tonon tsutsar kamun kifi, sai ta ji ana ƙwala mata kira. Ta ɗaga kai ta ga Lesieli Taufa tafe a guje, ƙafa ba takalmi.

"Gwaggo, an ɗauke Rosella!"

Rosella wani ɗan kwalekwalen tsere ne mai tafiya da iska, na mutum ɗaya, ja da fari, kuma mutanen kulob ɗin tseren kwalekwale kamar mace suke maganarta. Shekara tara tana hannun Neville Ashcroft, ya ci kofuna da ita ba adadi. Lesieli kuwa nas ce a gidan kula da tsofaffi. Shekara biyu tana koyon tuƙi da na aro kafin ta iya sayen nata. Jiya Juma'a da yamma ta gwada Rosella na rabin awa a cikin tafki, ta biya Neville, suka bar ta a kan amalankenta kusa da shingen kulob. Yau da tsakar rana ne tseren shekara, wanda ake fita ta bakin tafki a shiga teku a zagayo tsibiri.

"Numfasa tukuna, 'yata," in ji Glenys. "Kwalekwale ba allura ba ne."

"Ba shi kaɗai ba ne, Gwaggo. Neville ya kira 'yan sanda. Cewa yake Tevita ne."

Glenys ta ajiye gwangwanin tsutsa. Tevita ƙanen Lesieli ne, ya zo daga ƙasar Tonga da takardar aiki, yana aiki a gonar kawa ta tsallaken tafki, inda ake kiwon ƙumbar ruwa ta ci. Ko ba a kama shi da komai ba, sunansa ya shiga littafin 'yan sanda kawai ya isa ya hana a sabunta masa takarda. Glenys ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin gandun daji kafin ta yi ritaya, duk wanda ya ɓata a dazuzzukan nan ita ake aikawa nemansa. Bin sawu a wajen mahaifinta ta koya, shi ma a wajen nasa. Ta goge hannu a wando ta ce, "Mu je kafin su gama tattake min wurin."

Sun riga sun tattake. Mutum talatin ne a farfajiyar kulob, kowa na zagaye inda Rosella ta kwana yana faɗin nasa. Neville na tsakiya, fuska ta yi jawur.

"An ga motarsa a nan da asuba, da tirela a baya!" yake cewa. "Dabara ce. Su ɓoye ta, su ce an sace tun tana farfajiyarmu, su ce in mayar da kuɗi. Ni za a yi wa wayo?"

"Duk mai ƙafa ya tsaya inda yake," in ji Glenys. Ba ta ɗaga murya ba, amma suka tsaya. "Neville, yaushe ɗan sandan zai iso?"

"Sha ɗaya."

"To ka ara min awa biyu, ka kuma huta da ihun nan, kada jininka ya hau mu samu aiki biyu."

Tevita yana jingine da motarsa can gefe shi kaɗai, ƙato ne, amma ya takure kamar kazar da ruwa ya daka. Glenys ta tsaya gabansa.

"Ka zo nan da asuba?"

"Na zo sauke kwalekwalen aiki ne, Gwaggo, kamar kullum. Ban ko je kusa da shingen ba."

Glenys ta dubi ƙafarsa, ta dubi ƙasa. "Ɗana, a garin nan mutum nawa ne ke sa silifa lamba goma sha uku? Ga sawunka can, ya je shinge ya dawo. In ka yi min ƙarya guda, sai in yi zaton akwai ta biyu."

Ya sunkuyar da kai. "Furanni na rataya mata a goshin kwalekwalen. Sarƙar fure irin ta gida, jiya na zauna na kitsa. So nake Yaya ta zo ta tarar. Da na ji ana cewa ɓarawo, sai tsoro ya kama ni."

Lesieli ta rufe baki da hannu. Glenys ta koma shinge ta durƙusa. An yi yayyafi wajen ƙarfe shida, kowa ya ji shi a kan kwano. Sawun Tevita duk ɗigon ruwa ya huhhuda shi, wato kafin yayyafin ya taka. Inda Rosella ta tsaya kuwa, ƙasar a bushe take, siffar kwalekwale sak. Ashe tana nan har ruwan ya ɗauke, lokacin da Tevita ya daɗe da tsallake tafki.

Ta faɗa musu haka. Wasu suka gyaɗa kai. Neville ya ce, "Sai dai in yana da abokin tafiya."

Wata mata ta ce, "To Craig fa? Ai duk mun ji abin da ya faɗa daren jiya."

Craig Duffield yana bakin ruwa yana ɗaura ƙyallen kama iska a kwalekwalensa, wanda ƙira ɗaya ne da Rosella. Shi ma ya nemi ya saye ta, Lesieli ta riga shi. Da ya ga Glenys tafe sai ya yi tsaki.

"Na san za a zo kaina."

"An ce ka ce ba za ta daɗe a hannun Lesieli ba."

"Na faɗa, kuma zan maimaita. Sabuwar hannu ce, kifewa za ta yi sau goma kafin tsibiri, ta gaji ta sayar min. Abin da nake nufi ke nan. Ina ruwana da sata? A ina zan yi tsere da jan kwalekwalen da kowa ya sani daga nan har Sydney, a bahon wankana?"

"Sawun takalminka yana wurin, kuma bayan ruwa ne."

"Nawa a gefenta yake kwana. Bakwai na zo na jawo shi, ita ba ta nan. Na zaci yarinyar ta kai ta wanki."

Glenys ta bi sawun amalankensa da ido. Layi biyu ne siriri daga shinge zuwa bakin ruwa, ba su ratse ko'ina ba. Ta durƙusa ta sa ɗan yatsa a ciki, ya nutse gaɓa ɗaya. Ta tashi.

"Ni dai ban wanke ka ba," ta ce, "amma ka yi rowar da ba za ka ja kaya kyauta ba."

"Na gode da yabo," in ji Craig.

Ta iske Neville a barandar kulob, ya ɗan huce. Sun san juna tun suna makarantar firamare, don haka ba ta yi wani zagaye ba.

"Me ya sa ka sayar?"

"Gwiwa, Glenys. Ba na iya tsallakawa daga gefe zuwa gefe kamar da."

"Nawa ne nauyinta?"

Ya gyara zama, alfahari ya dawo masa. "Kilo sittin, kamar ranar da ta fito daga masana'anta. Da hannu ɗaya nake jan ta."

Matarsa Maureen ta fito da faranti, shayi da biskit. Ita ke riƙe agogon tsere duk Asabar, ita ke ciyar da kulob ɗin shekara arba'in. Ta tsiyaya wa Glenys shayi tana riƙe da butar da hannu biyu, ta naɗe su da tawul.

"Sannu da aiki, Maureen."

"Yawwa, Glenys." Ba ta ɗago ido ba, ta koma ciki a hankali.

Glenys ta shanye shayin, ta yafito Lesieli.

Kowa hankalinsa na kan titi da gangaren da ake sauke jirage, domin ta nan ɓarawo mai mota zai bi. Glenys ta juya musu baya, ta nufi wata 'yar ƙofa a bayan shinge wadda ba a cika buɗewa ba. Yashin wajen ƙofar ya yi sumul, har ya fi na ko'ina kyau.

"Dubi nan," ta ce. "Iska ba ta shara da layi-layi. Wani ya karyo reshe ya share, kuma mai tsabta ne, har kusurwa ya bi."

Taku ashirin gaba mai sharar ya gaji. Sawun tayoyi biyu ya fito fili, ya shige cikin itatuwa, da sawun ƙaramin takalmi a tsakaninsu. Dugadugan sun fi yatsu nutsewa.

"Da baya yake tafiya, yana ja da hannu biyu," in ji Glenys. "Ga inda ya tsaya. Taku goma, ya sake tsayawa. Nan kuma zama ya yi a ƙasa, ga tafin hannunsa inda ya dogara ya tashi. Wannan ɓarawon naki ya sha wuya, 'yata."

"Gwaggo, ai Rosella ba ta da nauyi. Jiya da hannu ɗaya na kai ta ruwa."

"Da kika fito da ita fa?"

Lesieli ta yi tunani. "Neville ne ya jawo ta. Ya ce in je in sha ruwa, shi zai yi."

Glenys ta durƙusa ta sa yatsa a sawun tayar. Ya wuce gaɓa ɗaya, ya kusa cinye ta biyu. Ta matsa gaba ta sake gwadawa inda yashin ya yi daidai da na wajen Craig. Haka dai. A tsakanin tayoyin kuma akwai ɗigo-ɗigo a jere, sun bushe sun bar farin zobe. Ta dangwala ta kai harshe. Ta tashi, ta ci gaba.

Sawun ya kai su wata tsohuwar rumfar masu kawa da aka daina amfani da ita. Lesieli ta tura ƙofar. Ga Rosella nan an lulluɓe ta da tamfol, an soke gefe da gefe kamar shimfiɗar gado, sarƙar furen Tevita kuma an cire ta an ɗora a kai don kada ta matse.

Lesieli ta yi tsalle ta rungume Glenys. "Ga ta! Ko ƙwarzane babu! Gwaggo, goma da kwata, zan samu tseren!"

"Ɗaga goshinta mu gani."

Lesieli ta kama ta ɗaga. Sai da ta sa hannu na biyu. Daga can cikin cikin kwalekwalen, a ƙarƙashin inda ake zama, suka ji ruwa ya gangara baya, ya daki bango, ya dawo.

"Je ki kira su," in ji Glenys. "Neville, Craig, Tevita. Ki ce wa Maureen ta bar wanke-wanken, ita ma ina son ta."

Ba su kaɗai suka zo ba, rabin kulob ya biyo. Tevita da Craig suka turo Rosella waje. Neville ya buɗe baki zai yi magana, Glenys ta ɗaga masa hannu.

"Kwalekwalen Craig da wannan ƙira ɗaya ne, amalanke iri ɗaya. Nasa ya nutse a yashi gaɓa ɗaya, wannan kusan biyu. Ka ce min kilo sittin ce, Neville. To ƙasa ta ce ba haka ba. Buɗe mana murfin baya."

"Ruwan sama ne ya ɗan taru."

"Ruwan sama ba ya barin gishiri. Buɗe."

Bai motsa ba. Craig ne ya sa filaya ya murɗe murfin, don an ɗaure shi tam, Tevita ya ɗaga goshin. Ruwa ya yi ta bulbulowa. Ana kallo, ana jiran ya tsaya, ya ƙi tsayawa, har ya yi 'yar ƙorama a cikin yashi. Craig ya leƙa ramin da ake kafa sandar ƙyalle, ya danna babban yatsa a gindinsa. Fentin ya fashe, wani farin abu ya marmashe ya zubo.

"Fila ce," ya ce, muryarsa ta canza. "Irin ta masu gyaran jikin mota. Neville, wannan ramin ne ke riƙe da sanda. Rabin awa a ruwa kwance ta sha wannan. A teku fa, da iskar kudu da aka ce za ta taso da rana?"

Lesieli ta zauna a ƙasa a inda take tsaye.

"Saura wanda ya jawo ta," in ji Glenys. "Ƙaramin takalmi, mutum mai ciwon baya, wanda ba ya iya barin wuri bai gyara shi ba. Ba zan kira suna ba. In ya ga dama ya faɗa da kansa."

Maureen ta warware tawul ɗin da ke hannunta. Tafukanta biyu duk sun ɗuri ruwa, wasu wuraren sun fashe.

"Ni ce," ta ce. "A watan Maris Neville ya hau dutse da ita a bayan tsibiri, bai gaya wa kowa ba. Ya liƙe a gareji ya shafa fenti. Na ce masa ya faɗa wa mai saye, ya ce gyaran ya fi na masana'anta. Jiya na gan shi yana nishi da ya jawo ta daga ruwa. Da gari ya waye na zo na girgiza ta, na ji abin da kuka ji. Na yi na yi in buɗe murfin, na kasa." Ta dubi Lesieli. "Ke kika riƙe hannun mahaifiyata ranar da ta cika. Ta yaya zan zauna da agogo a hannu ina kallon kin fita? Shi kuma shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban iya tsayawa gaban mutane in tona shi ba. Na ce bari in ɓoye ta har a gama tseren. Ban taɓa zaton za a ɗora wa yaron nan ba. Da na ji an kira 'yan sanda, bakina ya mutu."

"Na zaci zai riƙe," in ji Neville a hankali. "Wallahi na zaci zai riƙe."

"Jiya da ka ji nauyinta ma?" Glenys ta tambaya.

Ya cire hularsa yana murzawa. Ya dubi ruwan da ke kwance a yashi, ya dubi Lesieli, sannan ya dafa amalanken. "Na ce da safe zan zo in tsiyaye kafin ta iso. Na ce ai akwai jirgin ceto." Ya juya ga Lesieli. "Ba ni da abin cewa. Kuɗinki suna gida, ko taɓa su ban yi ba."

"Kuɗi su jira," in ji Lesieli. Ta nuna ƙanenta. "A gaban mutanen nan ka kira shi ɓarawo."

Neville ya taka har gaban Tevita. Sai da ya ɗaga kai sama kafin ya ga fuskarsa. "Na zalunce ka, ɗan samari. Ka yafe ni."

Tevita ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa masa hannu. "Ya wuce, Baba. Amma silifana za su riƙe ka a zuciya." Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka biyo, irin dariyar mutanen da suka daɗe da riƙe numfashi.

Da ɗan sandan ya iso, Lesieli ce ta tare shi a ƙofa. Ta ce kwalekwalenta ne, ta san inda yake, ba ta da ƙarar kowa. Ya dubi taron, ya dubi Glenys wadda ya sani, ya mayar da littafinsa aljihu, ya karɓi shayi.

Iskar kudu ta iso ƙarfe ɗaya da rabi, ta riga lokacin da aka faɗa, lokacin jiragen suna bayan tsibiri. Daga baranda ana ganin teku ta yi fari fat. Jirgin ceto ya yi ta kai da komo, ya jawo huɗu, biyu daga ciki sanda a karye, kuma lafiyayyu ne da suka fita. Craig ya dawo na uku, leɓe ya yi shuɗi don sanyi. Ya wuce ta gaban Lesieli yana ɗiga, ya ce in tana so akwai wani kwalekwale irin nasa da ake sayarwa a garin gaba, zai raka ta ranar Laraba su ƙwanƙwasa shi tun daga goshi har baya.

Glenys tana zaune a kujerar ƙarshe, ta ga Lesieli ta sauke madubin hangen nesa. Sannan ta shiga ciki ta ɗauko akwatin magani, ta jawo kujera gaban Maureen, ta ɗora hannuwan tsohuwar a kan cinyarta ta fara wankewa.

"Zai yi zafi, Inna."

"Ya yi, na cancanta."

"Gobe in za ki sake sata, ki sa safar hannu."

Maureen ta ja hanci, hawaye da dariya suka zo mata tare. "In na sake," ta ce, "mara nauyi zan ɗauka."